Jagora Ga Mai Koyon Wanka da Askin Karnuka

Sana'ar wanke karnuka da yi musu aski ta daɗe da kafuwa a Amurka da Ingila, kuma yanzu ta fara samun gindin zama a Legas da Abuja da wasu manyan birane, wani lokaci a shago mai zaman kansa, wani lokaci a ɗakin baya na asibitin dabbobi. Dalili kuwa masu hali suna ajiye karnukan waje masu yawan gashi, irin su Lhasa da Alsatian da Caucasian, waɗanda asalinsu na ƙasashen sanyi ne, kuma ba za su zauna lafiya a nan ba sai da kulawa. Matasa na shiga sana'ar, wasu daga askin mutane, wasu daga aikin asibitin dabbobi, kuma kurakuransu kusan iri ɗaya ne: a karɓi kare ba tambaya, a shige da shi ciki a rufe ƙofa, a yi ta sauri don wani na jira, in an ji masa ciwo a taje gashi a rufe wurin. Mai askin mutane yana da mai tsawata masa a kan kujera, domin da bakin kilifa ya yi zafi mutum zai janye kai ya yi magana. Kare ba ya faɗin inda ke masa ciwo, ba ya ba da labari in ya koma gida, mai shi kuma ba ya wurin. Abin da wannan jagora ta tsaya a kai shi ne, tunda babu bakin da zai kai ƙara, dole aikin ya kasance a buɗe, a rubuce, ba tare da gaggawa ba, kuma duk abin da ba za ka iya yi a kan idon mai kare ba, to bai kamata ka yi shi ba.

Akwai hujja a kan haka daga inda sana'ar ta fi girma. A 2018 kafar labarai ta NJ Advance Media da ke jihar New Jersey ta Amurka ta wallafa binciken da ya tattaro mutuwar karnuka 47 a jihohi 14 tun daga 2008, waɗanda suka mutu ana cikin yi musu gyara ko jim kaɗan bayan an yi, a shagunan kamfanin PetSmart. Guda 20 daga cikinsu masu gajeren hanci ne, irin su bulldog. Kamfanin ya musanta cewa akwai matsala a tsarinsa, binciken ma bai tabbatar da musabbabin kowace mutuwa ba, to amma wannan rashin tabbas ɗin shi ne abin lura. An kasa sanin abin da ya faru, kuma a lokacin babu wata jiha a Amurka da ke tilasta wa mai askin kare mallakar lasisin sana'a. Cikin matakan da kamfanin ya sanar har da sa kyamarori a ɗakunan gyaran. A Ingila kuma dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora alhakin dabba a kan duk wanda take hannunsa, ko da na ɗan lokaci ne, wato mai aski ba zai ce ai ba nawa ba ne. Mai karatu zai iya cewa duk wannan ɗawainiya a kan kare? Amsa ita ce dabbar da aka damƙa maka amana ce ko wace iri ce, kuma Bahaushe bai rasa sanin darajar karen farauta da na gadi ba. Ban da haka, wasu haɗurran da ke cikin aikin nan, musamman cizo da ciwon haukan kare, kan ma'aikacin suke faɗawa.

Kayan aiki

Kafin ka karɓi kare na farko, ka tanadi tebur mai ƙarfi da ba ya girgiɗi, da shimfiɗar roba a kansa da kuma cikin bahon wanka don kada ƙafa ta zame. Ka nemi igiyar riƙe kare mai maɓallin da ke ɓallewa da taɓawa ɗaya, da takunkumi masu girma daban-daban, waɗanda aka saƙa kamar kwando don kare ya iya buɗe baki ya yi haki. Kilifa ta karnuka ce ake so, da baki aƙalla biyu na kowace lamba, sai almakashi mai dunƙulen tsini don fuska da tafin ƙafa, mataji na ƙarfe, buroshi, abin yankan farce, hodar tsayar da jini, tawul masu yawa, sabulun ruwa na karnuka, da na'urar busarwa wadda za a iya kashe zafinta ta hura iska kawai. A bango a rataye ma'aunin zafin ɗaki, a ajiye fanka mai caji saboda ɗaukewar wuta, da akwatin taimakon farko, da ruwan bilic. Sauran ukun su ne waɗanda masu koyo suka fi rainawa: littafin rajista, waya mai kyamara, da lambar likitan dabbobi mafi kusa, wanda ka riga ka je ka gana da shi, ka san lokacin da yake buɗewa da hanyar da za ka bi in ta ɓaci. Janareto kuma a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kashe mutum da dabba ba tare da an ankara ba.

Mataki na 1: Tambaya kafin karɓa

Yawancin ɓarnar da ake yi a kan tebur tun a bakin ƙofa aka shuka ta. Ka tambayi shekarun kare, da ko yana da ciwon zuciya, farfaɗiya, tari, ciwon ƙugu ko baya, ko yana shan magani, ko an taɓa yi masa aski, da ko ya taɓa cizon wani. Ka nemi katin rigakafi ka karanta da idonka, musamman allurar haukan kare da ta cutar parvo, mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini. Kwikwiyo ba ya kammala jerin allurarsa sai wajen mako 16, saboda haka kawo shi inda karnuka ke shige da fice kafin nan jefa shi cikin haɗari ne. Sau da yawa wanda ya kawo karen direba ne ko yaron gida da bai san komai game da lafiyarsa ba. Kada ka ɗauki shirunsa a matsayin lafiya lau, ka buga wa mai karen waya. Wasu masu karnuka kan ɓoye cewa karensu na cizo don kada a ƙi karɓa, sai ka nuna musu da ladabi cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma faɗin gaskiya ba zai sa a kore su ba, zai sa a shirya ne.

Daga amsoshin nan za ka ware waɗanda ke bukatar kulawa ta daban. Masu gajeren hanci, wato bulldog da pug da boxer da shih tzu da Pekingese, hanyar numfashinsu a matse take tun haihuwa, tsoro ko zafi kaɗan na iya sa ta ƙara toshewa. Tsofaffi da masu ƙiba su ma haka. Irin waɗannan a ba su lokacin safe, a yi musu aiki daga farko har ƙarshe ba tare da an ajiye su a keji suna jira ba, a sallame su. Akwai kuma wanda ba a karɓa sam: mai tari, mai gudawa, mai buɗaɗɗen rauni, mai zubar gashi da ɓawo wanda ka iya zama ƙazuwa ko makero, da wanda halinsa ya sauya kwatsam yana dalalar da miyau. Mai koyo zai ce korar kare korar kuɗi ne. Kuɗin wanka ɗaya ne ka rasa, alhali kare ɗaya mai parvo na iya gurɓata shago na tsawon watanni, domin ƙwayar cutar na daɗewa a ƙasa da jikin kaya.

Mataki na 2: Duba kare a gaban wanda ya kawo shi

Kada kare ya wuce ciki sai ka shafa jikinsa kaf, daga hanci zuwa wutsiya, wanda ya kawo shi na tsaye. Ka ɗaga leɓe ka ga dasashi, ka leƙa kunne, ka taɓa hammata da matsematsi da bayan kunne inda gashi ke curewa, ka nemi kaska da ƙuma da ƙari da tsohon tabo. Duk abin da ka gani ka nuna, ka ɗauki hoto, ka rubuta. Amfanin wannan biyu ne. Ƙari ko tsiro da ka san inda yake ba za ka bi ta kansa da kilifa ba, sannan raunin da kare ya zo da shi ba za a ɗora maka shi da yamma ba. A nan ne kuma ake gama magana kan irin askin da ake so, da kuɗinsa, da abin da za ka yi in gashin ya ƙi tajuwa, da izinin kai kare asibiti in an samu larura, da wanda zai biya. A rubuta a takarda ɗaya da harshen da mutumin ke ji, ya sa hannu, ya tafi da kwafi. Takardar da aka cika da sharuɗɗan wanke shago daga kowane laifi ba ita ake nufi ba, wannan wata hanyar ɓoyewa ce.

Mataki na 3: Tebur da igiya

Doka ɗaya ce a nan kuma ba ta da togaciya: kare yana kan tebur ko cikin baho, hannunka ko idonka na kansa, kuma kana inda in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Igiyar da ke wuyansa an sa ta ne don ta tuna masa ya tsaya, ba za ta iya tsare shi ba. In ya yi tsalle kana can kana amsa waya ko ɗauko tawul, zai rataye, kuma daƙiƙoƙi kaɗan sun isa ya shaƙe ko wuyansa ya ji rauni. Shi ya sa ake jera kayan aiki kusa kafin a ɗora kare, in kuma dole ka gusa, ka sauke shi. Ƙananan karnuka masu raunin maƙogwaro da masu gajeren hanci, a zagaya musu igiyar ta ƙarƙashin ƙafar gaba ɗaya da kafaɗa, kada nauyi ya hau wuya. Wajen ɗaga ƙafa, ka bi yadda gaɓar ke lanƙwasa da kanta, kada ka ja ta gefe, domin tsohon kare mai ciwon ƙugu cizo ne kawai hanyar da zai ce maka ya ji zafi.

Kare mai faɗa shi ke jarraba mai sana'a. Duka, shaƙewa, da taron dangi a danne shi ba sa koya masa komai sai ƙarin tsoro, kuma a irin wannan kokawa ne zuciya ke bugawa fiye da kima, zafin jiki ya hau. Takunkumi na ɗan lokaci ne, ba a barin kare da shi shi kaɗai, ba a kuma sa wanda ke ɗaure baki ruf ga kare mai haki. Maganin sa barci kuwa aikin likitan dabbobi ne, shi ke auna nauyi ya duba zuciya ya zauna kusa. Mai askin da ya sayo allura ko ƙwaya ya ba kare a ɓoye don aiki ya yi sauƙi ya yi ganganci da rai, ya kuma ci amanar mai shi. In kare ya ƙi, a dakata, a kira mai shi, a mayar masa da kare da rabin aski. Wannan ba abin kunya ba ne.

Mataki na 4: Warware gashi da aski

Ana taje gashi kafin a jiƙa shi, saboda ruwa na ƙara ɗaure curarren gashi. In curin ya kai fata, tajewa azaba ce, aske shi ya fi, amma da sanin mai kare, domin a ƙarƙashin irin wannan gashi akan tarar da ƙuraje da gyambo, wani lokaci har tsutsa, kuma gara ya ji tun kafin ya gani. Kada ka taɓa cusa almakashi ƙarƙashin curi, fata kan tattaro ta shiga cikinsa ba ka sani ba. Kilifa ake sawa, da baki mai lamba 10, wanda ke barin gashi kamar milimita ɗaya da rabi, kuma haƙoransa a matse suke ba sa saurin kama fata. Shi ne kuma na hammata da matsematsi da gefen kunne, inda fata ke da laushi da ninki. Kunnen da ya daɗe a cure, in an aske shi, kare kan yi ta kaɗa kai har bakin kunnen ya tara jini ko ya tsage, wannan ma a faɗa tun farko.

Bakin kilifa na ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna. Ka riƙa ɗora shi a cikin tsintsiyar hannunka, in ya dame ka to ya fi damun kare, ka canza da ɗayan, abin da ya sa aka ce a sayi biyu ke nan. Wani kuskure da ya yaɗu shi ne aske Alsatian ko husky ƙwal da sunan rage masa zafi, sau da yawa ma mai karen ne ke nema. Irin waɗannan gashinsu hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai kauri, kuma na wajen ke kare fata daga rana. Abin da ke sauƙaƙa musu shi ne a tsefe mataccen gashin ciki iska ta ratsa. In an aske, rana na ƙona fatar, gashin kuma wani lokaci ba ya dawowa yadda yake. Ka yi wa mai kare wannan bayani, in ya nace ka rubuta cewa ka faɗa.

Mataki na 5: Wanka

Ka gwada ruwa a hannunka kowane lokaci, musamman da rana, domin ruwan tankin da ke kan rufi ko wanda ya kwana cikin tiyo a rana kan fito da zafin da zai ƙona fata. Ɗumi kaɗan ake so. Kada a fesa ruwa a hanci ko cikin kunne. Sabulun wanki da na mutane ba su dace da fatar kare ba, suna busar da ita su jawo ƙaiƙayi. Sabulun karnuka da ake sirkawa da ruwa a sirka na yini ɗaya kawai a wanke kwalbar, domin wanda ya kwana yana iya tara ƙwayoyin cuta masu haddasa maruru masu zafi a gadon baya kwana ɗaya ko biyu bayan wanka. A ɗauraye har sai ruwa ya fita garau.

Kaska ita ce ke kai mutane ga babbar kasada. Fiya-fiya da maganin feshin gona ba a sa su a jikin kare ko an sirka, suna ratsa fata su kawo dalalar miyau, karkarwa, farfaɗiya da mutuwa, mai wankan ma yana shaƙa. Hatta amitraz, wanda likitoci ke amfani da shi, yana da awo, kuma yana da haɗari ga 'yan ƙananan karnuka irin chihuahua da kwikwiyo. Duk maganin da za a sa, likita ya rubuta, mai kare ya sani, a shigar da sunansa da awonsa a rajista, domin in kare ya rikice da dare wannan rubutun ne zai gaya wa likita abin da zai yi.

Mataki na 6: Busarwa

A nan aka fi asarar rai, don haka a nan ya kamata a fi natsuwa. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 41 kayan ciki sun fara lalacewa. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya aiki sosai in iskar da yake shaƙa mai zafi ce mai danshi. To ɗakin wanka kuwa haka iskarsa take. A ƙasashen sanyi ana amfani da kejin da ake hura wa iska mai zafi, kuma ko a can an san shi da kisa in an manta da kare a ciki ko agogon na'urar ya lalace. A wurin da zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, irin Kano da Sakkwato da Yamai, babu wata hujjar amfani da shi. Haka nan ɗaure jiƙaƙƙen kare a rana ya bushe, ko barinsa cikin mota yana jiran a zo ɗauka.

Hanyar da ta dace ita ce a tsane ruwa da tawul sosai, sannan a busar da hannu da iska marar zafi, ana motsa bakin na'urar, ɗaya hannun na kan fata yana jin abin da kare ke ji. Kada a nufi fuska ko ramin kunne da iska mai ƙarfi, ƙarar ma kan firgita wasu tsofaffin karnuka har su fita hayyacinsu. Ruwan sha ya kasance kusa koyaushe. Alamomin da za su sa ka tsaya nan take su ne haki mai tsanani da ba ya lafawa, harshe ya zazzago ya yi faɗi, dasashi ya yi ja wur ko ya koma shuɗi-shuɗi ko fari, miyau mai kauri, tangaɗi, amai. In ka ga haka, kashe na'ura, cire takunkumi, kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, kunna fanka a kansa, sannan a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi. Ko ya farfaɗo ya miƙe sai likita ya gan shi, domin illar da zafi ya yi wa ƙoda da jini kan bayyana daga baya. Mai shagon da ya ga kare ya miƙe ya yi shiru da bakinsa ya sallame shi, ya hana likita sa'o'in da za a iya ceton ran.

Mataki na 7: Farce da kunne

Cikin farcen kare akwai jijiyar jini. A farin farce ana hango ta, a baƙi ba a gani, saboda haka a riƙa yanka kaɗan-kaɗan. In jini ya fito a danna hodar tsayar da jini, in babu a sa garin sitaci, kuma a faɗa wa mai kare. Kunne a goge inda ido ke gani kawai, kada a zura tsinken auduga. Kunne mai wari ko ruwa na likita ne.

Mataki na 8: In an samu rauni

Duk ƙwarewar mutum, wata rana zai yanki kare, domin yana aiki da kaifi a jikin abin da ke motsi. Abin da ke raba shagon kirki da na banza shi ne abin da ake yi bayan nan. A danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗauki hoto, a kira mai kare a lokacin, in raunin ya buɗe ko ya shafi ido a tafi asibiti, a rubuta lokaci da yadda abin ya faru da sunan wanda ke riƙe da kare. Kada a liƙe rauni da gam a rufe da gashi, kada a ba kare farasitamol ko ibuprofen, suna iya yi masa illa mai tsanani. Masu koyo na tsoron cewa faɗin gaskiya zai kori mai kare. Wani zai yi fushi, gaskiya ne, wani ma ba zai dawo ba. To amma rauni ba ya ɓoyuwa, zai kumbura ko kare ya yi ta lasa, kuma wanda ya gano da kansa ba zai tsaya kan raunin ba, zai tambayi me kuma aka ɓoye masa.

In kai aka ciza ko aka yakusa, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar, ko da katin karen ya nuna an yi masa allura, likita ne zai yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. Mai wannan sana'a ya kamata ya nemi allurar rigakafin da ake yi wa masu aiki da dabbobi tun kafin a cije shi.

Mataki na 9: Sallama da tsafta

Ka miƙa kare kamar yadda ka karɓe shi, wato da dubawa a gaban mai ɗauka, da bayanin abin da aka yi, abin da aka shafa, da abin da ka lura da shi wanda ya kamata likita ya gani. Bayan kowane kare a wanke tebur da baho da keji da sabulu tukuna, domin bilic ba ya aiki a kan datti, sannan a shafa bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Tawul ɗaya kare ɗaya.

Saura maganar tagar leƙen ɗakin aiki da kyamara, wadda aka fi gardama a kanta. Masu adawa na cewa kare in ya hango mai shi yakan yi ta zillo, kuma zillo kusa da almakashi haɗari ne. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa gilashi mai duhu ta gefe ɗaya, ko kyamara da allo a wurin jira, ko a tsayar da mai karen inda kare ba ya ganinsa. Ba hujja ba ce ta hana kowa ganin ɗakin aiki. Wasu ma'aikata kuma na ganin kyamara rashin yarda ce da su, alhali ma'aikacin kirki ita ce shaidarsa ranar da tsohon kare ya faɗi ba laifin kowa, kuma ita ce ke nuna wa mai shago inda tsarinsa ke da gyara. Wanda ba shi da halin kyamara yana da halin buɗe ƙofa ya zagaya da sabon mai kare ya ga baho da keji da na'urar busarwa, gani ya kori ji. Gardama mafi nauyi ita ce ta kuɗi, cewa duk wannan na rage yawan karnukan da za a yi a yini. Yana ragewa. Sai dai biyan ma'aikaci bisa yawan kawunan da ya gama shi ke sa a ɗora kare biyu lokaci ɗaya, a bar ɗaya a keji da na'ura a kunne, kuma sauri ya haifi nawa. Gara a ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai yi, a sa farashin da zai ɗauki nauyin hakan, a gaya wa masu karnuka dalili. Kai kuma mai kare, kafin ka miƙa igiya ka nemi a nuna maka inda ake busarwa, ka tambayi wane likita suke kira in an samu matsala, in aka hana ka gani ko aka kasa amsawa, ka koma gida da karenka.